Riga Ta Yi Kyau, Amma Ba Kowa Cikinta

Zanen farko da na kai wa malamina na wani dattijo ne, zaune a bakin masallaci da babbar riga. Kwana uku na kwashe a kan aikin rigar kaɗai, har aska takwas sai da na fitar ɗaya bayan ɗaya. Malam ya karɓa, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Yaro, wagga riga ta yi kyau, amma ba kowa cikinta."

Maganar ta yi mini zafi, don gaskiya ce. A nan Sakkwato kusan duk wanda za ka zana a suturce yake, daga mai rawani sai mai hijabi har ƙasa, sai na ɗauka tufa za ta rufa mini asiri. Ashe riga ba ta tsayuwa da kanta. Kafaɗa ce ke ɗauke da ita, gwiwa ke tokare ta, kuma duk inda ta naɗe akwai ƙashin da ya sa ta naɗe a wurin.

Sai Malam ya mayar da ni kan awo. Ya ce kan mutum shi ne mudun awo. Tsawon babban mutum ya kan kai kai bakwai da rabi, ɗan shekara ɗaya kuwa kusan huɗu ne, shi ya sa yaran da nake zanawa suke fitowa kamar ƙananan tsofaffi. Ido a tsakiyar kai yake, ba can sama kusa da gashi ba inda hannu ke son sa shi. Gwiwar hannu tana sauka daidai kwiɓi, yatsu kuma su tsaya a tsakiyar cinya. Ya nuna mini zanen da Leonardo da Vinci ya yi wajen 1490, mutum a cikin da'ira da murabba'i, don in ga cewa idan mutum ya ware hannuwansa, faɗinsu kusan tsawonsa ne. Ban yarda ba sai da na ari tef a wurin tela na auna ƙanena. Haka yake kuwa.

Amma awo bai sa zanena ya yi motsi ba. Wannan a filin kokawa na samo shi. Nan ne kake ganin jiki a fili, ka ga yadda ɗan kokawa ke sunkuyawa, ƙashin baya ya lanƙwashe kamar baka, nauyinsa duka ya koma kan ƙafa ɗaya, ƙugun wannan ɓangaren ya ɗaga, kafaɗar ta sauka. Ba wanda zai tsaya ya jira ka. Kafin a kayar da wani dole ka ja layin baya, ka sa kai, ka dasa ƙafar da ke ɗauke da nauyi. Malam ya koya mini in saukar da layi daga ramin wuya zuwa ƙasa: in mutum na tsaye ne kuma layin bai faɗa kan ƙafar da ya dogara da ita ba, to a takarda faɗuwa yake yi. Littafi guda na cinye a wurin, ba fuska ko ɗaya a ciki.

Kayan aikin ba su da yawa. Fensira ne kala uku: HB nake fara zayyana da shi a hankali, 2B in ƙarfafa layi, 6B sai wurin inuwa mai duhu, kamar ƙarƙashin haɓa. Da reza nake fiƙe su. A watan Afrilu, in zafi ya haura digiri 40, gumin hannu kaɗai ya isa ya dagula aikin yini, don haka nake sa 'yar takarda a ƙarƙashin tafina. Kilina kuwa wata guda Malam ya riƙe mini ita, ya ce in bar kuskuren kusa da gyaran, ido ya riƙa ganin bambanci.

Maganar zanen mai rai ban ɗauke ta da wasa ba. Na zauna da malaman addini na yi tambaya, kuma shi ya sa na tsaya ga zanen koyarwa, na littafin yara da allunan kiwon lafiya.

Bayan wata shida na koma bakin masallacin nan, na gaida dattijon, na nemi izininsa. Wannan karon da ƙoƙon kai na fara, sai ƙashin baya, sai gwiwoyin da ya tanƙwashe, rigar ta zo daga ƙarshe da layuka kaɗan. Malam ya duba, ya ɗora yatsa a kan ƙafar hagu, ya ce, "Yanzu da mutum ciki. Amma wagga ƙahwa ta yi gajarta, je ka sake."