Godiya bayan kare kundina a kan bodari

Alhamdu lillahi. Ranar Alhamis na kare kundin digirina na biyu, malamai kuma sun amince da aikin. Shekara biyu ina fama da bodari, 'yar dabbar nan mai ratsin baƙi da fari da ko kare ba ya son kusantarta.

Dangi a Garwa sun sha tambayata me nake nema a jikin abu mai ɗoyi haka. A cikin ƙwayoyin jikin dabba akwai wasu 'yan gidajen samar da kuzari, mitokondiriya, masu DNA, wato rubutun gado, nasu na kansu, a zagaye kamar zobe: haruffa dubu 16 da 'yan kai, ɗauke da ƙwayoyin gado 37. Wannan zoben na karanta. Daga uwa ake gadonsa, shi ya sa ake bin salsala da shi. Nawa sakamakon ya ajiye bodari cikin dangin dage, duk da kamar da yake yi da skunk, wata dabba mai ɗoyi ta Amurka.

Malam, mai duba aikina, Allah ya saka maka da alheri. Sau uku kana maido mini da babi ɗaya da jan biro. A lokacin na ji haushi, a gaban alƙalai na gane amfaninsa.

Maharban wajen Figil, na gode. Ban sa an kashe ko ɗaya ba, waɗanda mota ta take a hanyar Marwa suka riƙa sanar da ni, in je da asuba in yanki ɗan tsoka kamar ƙwayar wake in jefa cikin etanol, ruwan da ke hana nama ruɓewa. Ɗan'uwa mai moto da ya riƙa kai ni, ka yafe mini rigarka, na san har yau uwargida ba ta bar ta ta shiga ɗaki ba.

Da zafin Afrilu wuta ta ɗauke kwana biyu, firizar da na ajiye tsokar a ciki ta narke, na zauna riƙe da kai. Hajiya mai ƙanƙara ce ta tayar da janareta ta ba ni gefe a tata, ba ta ko tambayi me ke cikin kular ba. Hajiya, yau kin sani.

Inna, da nake miki bayanin gadon uwa, cewa kika yi ai wannan ba sai an je makaranta ba. Kuɗin awakinki biyu ne suka aika samfurin ƙarshe ɗakin gwaji. Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana.

Walima Asabar bayan la'asar a gida. Masu cewa a dafa bodari, shinkafa da kaza za ku samu.