Takardar asalin karen Kawu

Garwa, Talata da dare.

Yau ban buɗe shago ba sai bayan azahar, kuma kare ne ya jawo. Da sassafe Kawu ya kira ni: "Ɗana, zo da mota, berjen nan ya kasa tashi." Berje shi ne karensa, irin karen makiyayan Jamus. Na tarar da shi kwance gindin darbejiya, yana yunƙurin miƙewa, ƙafafun baya suna zamewa a ƙasa. Shekararsa biyu kacal. Ni da maigadi muka ɗora shi kan tsohon bargo, muka kinkima zuwa bayan mota.

Likitan dabbobi ya lanƙwasa masa cinya ɗaya, karen ya yi wani kuka da har yanzu ina jinsa. Ya ce kan ƙashin cinyar bai zauna daram cikin ramin kwatangwalo ba, gogawa yake yi, kuma akasari gado ne. Sai Kawu ya harzuƙa. Ya zaro takardar da aka ba shi a Duwala ranar da ya sayo shi, wadda yake ajiyewa tare da takardun fili. "Likita, wannan fa jininsa ba gauraye."

Likita ya bi sunayen da bakin biro, ya tsaya, ya koma sama. Suna ɗaya ya fito sau biyu: uban karen shi ne kuma kakansa na wajen uwa. "Ranka ya daɗe, uba aka haɗa da 'yarsa."

Ya yi mana bayani da sikila, tunda ita muka sani. Ɗan kwikwiyo yakan ɗauko kowace ƙwayar gado biyu-biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Mai lahani takan ɓuya in abokiyarta lafiyayya ce, amma dangi na kusa irin lahani ɗaya suke ɗauke da shi. A barbarar uba da 'ya, kashi 25 cikin 100 ne yiwuwar biyun su fito daga tushe guda. Shi kansa irin, in ji shi, haka ya faro: a 1899 wani hafsan sojan doki na Jamus, Max von Stephanitz, ya sayi kare ɗaya, aka yi ta haɗa zuriyarsa ya-su-ya-su don kama ta fito iri ɗaya. Ƙungiyar masu karnuka ta Ingila, wadda aka kafa a 1873, sai a 2009 ta daina rajistar kwikwiyon da aka samu tsakanin uba da 'ya ko wa da ƙanwa.

Ya rubuta maganin ciwo, ya ce a rage masa ƙiba, kuma kada a kuskura a bar shi ya yi barbara.

Nan ne gizo ke saƙa, don Kawu ƙanwar karen ma ya saya, kuma tuni mutum uku suka ba shi kafin alƙalami na 'ya'yan. A hanya, muna biye da wata tirela, ya ce: "To ai lafiyar macen lau." Na ce: "Kawu, ko Bafulatanin da ke kiwon shanunka yakan sauya bijimi. Ka karɓi kuɗin mutum ka miƙa masa abin da ka san zai gurgunce?" Bai tanka ba. Na san na wuce gona da iri, amma ban janye ba.

Da muka sauke karen, karyar maƙwabta, ja mai miƙaƙƙun kunnuwa wadda ba wanda ya san ubanta, ta tsallako katanga da ƙashi a baki. Kawu ya daɗe yana kallonta. Da magariba ya aiko yaro ya karɓi lambar likitan.