Kafin ka kira ɗanka daƙiƙi

Ranar Asabar na shiga gidan ɗan ƙanena a Pantami, nan cikin Gombe, na tarar da shi tsaye da bulala a kan 'yarsa mai shekara takwas, saboda ta karanta "daki" a inda aka rubuta "baki". Da na yi magana sai ya ce, "Baba, ƙiwuya ce kawai, ai a Islamiyya hadda ba ta ba ta wahala." Maganar da na yi ta nanatawa ke nan a kan ɗana na biyu, har na kashe masa karatu da hannuna.

Malamin firamare ne ni a lokacin, ina koyar da 'ya'yan mutane, nawa kuwa ya kasa haɗa baƙi da wasali. Yaro ne mai baki da saurin lissafin canji, abin da ya ji sau ɗaya ya riƙe, amma da an ajiye masa takarda sai ya daskare. Na doke shi, na sa ya maimaita aji, na karɓo masa rubutu ya sha, na sauya masa makaranta, daga ƙarshe na cire shi bayan ƙaramar sakandare na kai shi garejin gyaran mota. Ina kare kaina da cewa a kwalejin horon malamai ba wanda ya taɓa ambata mana disleksiya, wato larurar da ke sa yaro mai basira ya sha wahalar koyon karatu da rubutu, kuma mu ma da bulala aka koyar da mu. Gaskiya ne, sai dai mahaifiyarsa ta sha ce mini, "Malam, yaron nan yana ƙoƙari, a kai shi a duba," ni kuwa girman kan malanta ya hana ni. Kuma abin ba sabo ba ne a duniya, domin likitan ido Bajamushe Rudolf Berlin ya sa masa suna tun 1887, sannan a 1896 likita Pringle Morgan na Ingila ya rubuta labarin yaro ɗan shekara 14 mai kaifin basira da ya kasa karatu. Sai da ɗana ya yi aure wani masanin ilimin masu buƙata ta musamman ya gwada shi, ya ce ƙwaƙwalwarsa ce ke shan wahalar haɗa harafi da sautinsa, kuma abin yana bin jini. Yau yana cin abincinsa da sana'arsa, wataƙila ma garejin alheri ne, amma matarsa ke karanta masa saƙon waya, kuma ba ya daɗewa a zaurena.

Na yi niyyar jero muku shawarwari masu yawa, amma ku 'yan yanzu ba ku karanta abin da ya wuce fuskar waya. Ku ajiye bulalar, ko da yake ban ce a daina horo ba. Ku fara da gwajin ido da kunne a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe ko na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) a Bauchi, in sun fito lafiya ku nemi masana a sashen ilimi na musamman na Jami'ar Jos ko ta Bayero a Kano. Za su auna yadda yaro ke rarrabe sautuka, da saurin ambaton haruffa, da rubutunsa. Masanan kaɗan ne kuma tafiyar tana cin kuɗi, amma kuna samun na ankon biki da na data. Takardar sakamakon ita ce hujjarku wajen neman malami ya koya masa sauti bayan sauti, ya ƙara masa lokaci, shi kuma yaron ya san ba daƙiƙi ba ne.

Kada kuma ku kalli bidiyo biyu a Facebook ku yanke wa yaro hukunci, domin rikita b da d abu ne da aka saba gani har wajen shekara bakwai, balle ga yaron da ke fama da ɓ da ɗ, yana Larabci daga dama, boko daga hagu, ga Turanci. Ku yi haƙuri da shi, amma kada ku yi irin jiran da na yi. In ya shiga aji uku bai iya haɗa kalma ba, ku kai shi a wannan zangon.