Asabar: gardamarmu da Auta a kan Ash Blossom

Tun bayan la'asar nake juya maganar da muka yi da Auta, kuma har yanzu ba ta sake ni ba. Ya zauna kusa da ni a zaure yana buga wasan katuna na Yu-Gi-Oh! Master Duel a wayarsa, ni kuma ina leƙe ta kafaɗarsa. Abokin karawarsa ne ya fara, ya ajiye Aluber, dodon da ke ɗauko kati na rukunin Branded daga tari (katunan da ɗan wasa bai ja ba tukuna) zuwa hannu. Auta bai ko yi jim ba ya jefa Ash Blossom ɗinsa, katin da ake jefawa daga hannu don soke tasirin katin abokin karawa. Ashe mutumin yana riƙe da Branded Fusion, katin da ake sa Aluber ya nemo, tun farko. Ya kunna shi hankali kwance, dodon Lubellion ya fito, dodon Mirrorjade ya biyo baya, wasan ya kuɓuce wa Auta tun bai ajiye kati ko ɗaya ba.

Na ce masa ya yi gaggawa. Ya ce, "Yaya, da a ce ba shi da Fusion a hannu, ai da na tsinke shi tun daga tushe."

Na ce to mu ɗauka ba shi da shi. Ka bar Aluber ya ɗauko masa, idan ya kunna sai ka jefa Ash a kai. Wanda ya jira ya tare hanya ko katin yana hannun mutum ko yana tari, wanda ya yi sauri kuwa hanya ɗaya kawai ya tare. Akwai kuma wata ƙa'ida da 'yan wasa da yawa ba sa lura da ita: Ash tasirin kati yake sokewa, ba kunnawar kanta ba. Branded Fusion sau ɗaya ake kunna shi a zagaye, saboda haka ko mutum yana da na biyu a hannu, ya zame masa kaya har zagaye na gaba.

Abin da ya sa nake girmama Ash, wanda ya fito a 2017 cikin jerin Maximum Crisis, shi ne abubuwa uku yake hanawa: ɗauko kati daga tari zuwa hannu, kiran dodo na musamman kai tsaye daga tari, da tura kati daga tari zuwa makabarta (inda ake ajiye katunan da aka yi amfani da su). Kusan kowane tari yana yin ɗaya daga cikinsu sau da yawa a zagaye guda, amma Ash sau ɗaya ake amfani da shi a zagaye. Duk gwanintar tana cikin zaɓen wurin. Na tuna masa da katin Pot of Desires, inda mai shi ke fara kawar da katuna 10 daga saman tarinsa kafin ya ja biyu. Idan Ash ya sauka a nan, goman sun tafi, biyun kuma ba su zo ba.

Auta ya yi shiru, sannan ya faɗi abin da ya tsaya mini a rai. Ya ce, "Kai ka san abin da Aluber yake nema. Ni fa? Katuna sun haura dubu 10, agogo yana tafiya, ta yaya zan haddace maƙogwaron kowane tari?"

Gaskiya ya faɗa, kuma ta dame ni. Shawarar a jira ba ta da amfani ga wanda bai san abin da yake jira ba, domin zai iya riƙe katin har a gama gina fili a gabansa. Ko ya zaɓi wurin daidai, katin Called by the Grave na abokin karawa na iya cire Ash daga makabarta ya kashe tasirinsa. Ga shi kuma mai Ash uku a tarin kati 40, kusan sau ɗaya cikin uku ne zai gan shi a katuna biyar na farko. Sauran lokutan sai ya dogara da wani katin, ko ya zuba ido. Ba na jin daɗin yadda sabon ɗan wasa ke shan kashi alhali ba a ba shi damar gane dalili ba.

Mun yi da shi cewa gobe bayan azahar zan haɗa tarin Branded mu kara, ya riƙa ganin inda Ash ke yi mini ciwo daga wancan ɓangaren. Ya yarda, amma ya dage cewa idan ya haɗu da tarin da bai sani ba, a kan katin farko zai jefa.