Asabar: an buɗe top ɗin 504

Yau da hantsi na buɗe top, wato murfin saman inji, na Peugeot 504 ɗin da nake farfaɗowa, ƙirar Kaduna, cikin waɗanda aka fara haɗawa a Kakuri tun 1975. Injin fetur ne mai silinda huɗu, cc 1971, bulok (gangar jikin injin) na ƙarfe, top na alminiyon. Dalilin buɗewar: baƙin mai ya koma kalar shayi mai madara, ruwan lagireto kuma yana raguwa alhali ba ya ɗiga a ƙasa.

Duk mai taɓa wannan injin ya kamata ya san cewa ramukan silindarsa ba a jikin bulok aka huda su ba. Silif ne guda huɗu, wato bututun ƙarfe da fistin ke hawa da sauka a ciki, ake zurawa, ruwa yana zagaye su kai tsaye, a gindin kowanne akwai siririn gasket da ke hana ruwan gangarawa cikin mai. Babu abin da ke danne su sai top ɗin kansa. Da zarar an ɗaga shi, silif ya zama sakakke, motsi kaɗan zai yage abin da ke gindinsa.

Shi ya sa na bi a hankali. Injin a sanyaye, na zubar da ruwa ta ƙasan lagireto da kuma ta toshiyar jikin bulok, don wanda ya kwanta a bulok ba ya fita ta lagireto. Kusoshin top guda goma ne, ana sassauta su kaɗan-kaɗan daga waje zuwa tsakiya. Sandunan da ke tura bawul (ƙofofin shigar mai da fitar hayaƙi) guda takwas na soka su a kwali bisa jerinsu, kowacce za ta koma raminta. Top ɗin kuma ba a cizge shi sama kai tsaye, tsohon gasket yakan manne ya taso da silif. Da gudumar roba ake bubbuga shi ta gefe har ya saki. Yana sauka na ɗaure silif ɗin da tsofaffin kusoshi, guntayen fayif da manyan washa (faifan ƙarfe mai huji da ake sa wa kusa). Kafin a yi wannan ɗaurin, kada kowa ya juya injin, ko da hannu ne, ko don ya ga fistin na hawa.

Gasket ya ƙone tsakanin silinda ta 2 da ta 3. A nan ne da yawa ke tsayawa, a sayo sabo a ɗaure, bayan wata biyu mota ta dawo da ciwonta. Na goge fuskar bulok, na ɗora miƙaƙƙen ƙarfe na auna da fila, siraran ƙarafan auna tazara. Dole kowane silif ya ɗara fuskar bulok tsayi da ɗan abin da ido ba ya gani, don top ya same shi ya matse. Uku sun ba ni kusan 0.10 na milimita. Na 3 ya yi daidai da bulok, babu tazara ko kaɗan. Ma'ana gasket ɗin gindinsa ya mutu, ko tsatsa ta ci mazauninsa, kuma ta nan ruwa ke shiga mai. Komai tsadar gasket ɗin sama, ba zai riƙe silif da ya nutse ba.

Top ɗin bai lanƙwashe ba, fila mai 0.05 na milimita ba ta shige ƙarƙashin ƙarfen awo ba. Amma bakin hanyoyin ruwa duk ya zaizaye, ga shi babu tamostat, abin da ke daidaita zafin ruwan inji, a gidansa. Wannan ɗabi'a tana ba ni takaici ƙwarai. A cire tamostat wai ƙasarmu da zafi, a riƙa ɗura ruwan rijiya zalla shekara da shekaru, gishirin cikinsa yana cin alminiyon yana toshe lagireto. Sai an kai wa mai walda ya cike ramukan, sannan a share fuskar, sharar da ba ta wuce ƙima ba.

Aiki ya ƙaru ke nan: sauke kaskon mai, fitar da fistin tare da silif, a yi wa kowanne alama. A wannan injin silinda lamba ɗaya tana ɓangaren giya, ba wajen fanka ba. Gasket ɗin gindi kauri-kauri ne, ana gwada silif a mazauninsa a auna, sannan a zaɓi wanda zai daidaita tsayin duka huɗun.

Na rubuta awon ɗauri a bangon gareji. Kusoshi a wanke, a ɗan shafa mai a zarensu, ramukansu a busar, don ruwa ko mai da ya kwanta a ciki kan hana kusa zama. Daga tsakiya zuwa waje, kilo 5 a sifanar awon ɗauri, sannan a sassauta kowacce a mayar kilo 2 a ƙara kwatar juyi. Tazarar bawul a sanyi, da milimita: na shigar mai 0.10, na fitar hayaƙi 0.25. Bayan tafiyar kilomita 1,000 a sake ɗaurin, a sake saita bawul.

Litinin, in Allah ya kai mu, sai kasuwar Panteka sayen kaya: cikakken saitin gasket, zoben fistin na milimita 88, tamostat, da tiyon lagireto na ƙasa da ya kumbura.