Kilomita biyar ɗina daga Kwanar Dangora

Rabona da gudu tun ina sakandare. Amma da abokina ya ce matasan unguwarsu na shirya gudun miƙa sanda daga Kano zuwa Kaduna don tara wa masu sikila kuɗin magani, nan take na ce a rubuta sunana. Ƙanwata mai bi mini da ciwon aka haife ta. Na san irin daren da yake tashi: Umma na gasa mata ƙafa da ruwan ɗumi, ni ina bakin titi ƙarfe biyun dare ina neman Adaidaita Sahu.

Kowa kilomita biyar aka ba shi, sannan ya miƙa wa na gaba. 'Yan Kano suka tashi daga Na'ibawa bayan Asuba, 'yan Zariya za su karɓa a garinsu, a kwana, washegari 19 ga Yuni, Ranar Sikila ta Duniya, 'yan Kaduna su shiga da ita ta Kawo.

Ni a Kwanar Dangora sandar ta same ni, wajen La'asar, hadari ya haɗo. Guntuwar gora ce da aka naɗe da jan ƙyalle, duk ta jiƙe da gumin hannuwan da ban sani ba. Yaron da ya miƙo mini ko magana ya kasa, kafaɗata kawai ya dafa. Kafin kilomita biyu ƙirjina ya ɗau zafi kamar an zuba barkono, tireloli na wucewa suna watsa mini iska. Wata tsohuwa mai sayar da dafaffiyar gyaɗa ta tambayi 'yan bas ɗin rakiya, "'Ya'yan nan, lafiya kuke gudu?" Da aka gaya mata, ta kwance bakin zani ta jefa naira 200 a bokiti. Ta ce jikoki biyu ta binne.

Shi ya sa nake jin zafin masu raina gwajin jini kafin aure. Kano ta mayar da shi doka a 2024, amma har yanzu akwai masu ganin tsegumi ne a tambayi saurayi ko AS ne, wato mai ɗauke da ƙwayar gadon sikila a jininsa.

Ruwa ya tsuge daidai lokacin da na miƙa sandar. Ina shiga bas wayata ta yi ƙara.

"Yaya, ka kai?"

Na ce mata na kai, sandar tana hanyar Tashar Yari.