Ƙofa ta 25

Ranar Alhamis na miƙa makullin ɗakin suwici, na'urar da ke haɗa kwamfutocin wurin aikinmu, na yi sallama, bayan shekara huɗu. Waɗanda muka yi aiki tare sun san labarin ƙofa ta 25, wato ramin jona waya na 25 a jikin suwici, amma bakin shef, shugabanmu, suka ji. Ga nawa.

Lokacin hunturu ne, ƙura ta rufe Maradi, da safe aka wayi gari layin fiba, wayar da ke kai bayanai ta hanyar haske, tsakanin ofis da sito ya mutu. Ba a iya fitar da takardar kaya ko ɗaya, ga motoci sun yi layi, direbobi sai masifa suke. Na leƙa suwici, fitilar ƙofar a kashe. Nan take na yanke hukunci cewa modil ɗin SFP, ɗan ƙarfen da ake cusawa a ƙofar a jona masa fiba, ne ya mutu, tunda ya daɗe yana shan zafi. Na zare wayar, na ja ɗan mariƙin, na sa sabo. Shiru. Na hau kabu-kabu na tafi sito na sauya na can. Shiru. Na dawo na juya bakunan wayar, na aikawa ya koma na karɓa, na goge su, na sa modil na uku. Har azahar ina fama, gumi na karyo mini duk da sanyin.

Shef yana Yamai, ya kira. Na ce, "Shef, na sauya har uku, bai tashi ba." Ya ce, "Kai yaro, ƙona su kake yi ko gyara?" A gaban akanta ya faɗa, don wayar a buɗe take. Ƙarshen wata aka yanke mini jika arba'in.

Sai bayan la'asar na yi abin da ya kamata in fara da shi: na jona kwamfuta na rubuta show interfaces status, umarnin da ke nuna halin kowace ƙofa. Ga ƙofa ta 25 an rubuta mata disabled, ba notconnect ba. Wato rufe ta aka yi da hannu, ba layin ne ya katse ba. Na buɗe ta da umarnin no shutdown, kafin in ɗago kai fitila ta yi kore. Da na bi bayanan suwici, ashe da daddare aka shiga daga nesa aka rufe ta. Ta 26 ake nufi, wadda ba kowa a kanta. Mu biyu ne, ni da shef, ke da kalmar sirri, ni kuwa barci nake a lokacin.

Laifina na ɗauka, ban musa ba: layi guda da bai kai minti ɗaya ba na tsallake, na ci awa bakwai. Hannu ya riga kai. Amma na kai wa shef bayanin a rubuce, ya duba, ya ce ai ya wuce. Kuɗina dai bai dawo ba. Wanda ya fi ka baki ya fi ka gaskiya a wurin nan.

Ga wanda zai gaje ni, sauran kaɗan ne. Layin sito ya wuce kilomita ɗaya, saboda haka modil irin LX yake so, mai shuɗin mariƙi, mai lamba 1310 (tsawon zangon haskensa), wanda ke kai kilomita 10. Irin SX ba ya wuce mita 550, kuma wayarsa daban ce, kada a yaudare ka da cewa duk ɗaya ne don sun shiga rami ɗaya. Kada ka yar da murfin robar nan na bakin modil, ƙurar garin nan ba ta da wasa. Kada ka leƙa bakin fiba da ido. Kuma duk abin da za ka taɓa, ɗauki hoton yadda ka same shi, da kwanan wata, ka ajiye a wayarka, ba a kwamfutar ofis ba.

Modil ukun nan da aka ce na ƙona, biyu suna aiki har yau, ɗaya a sito, ɗaya a suwicin sama. Ranar Laraba na duba su.